Tasar da Baba Ya Ara

A zauren gidanmu na unguwar Nassarawo a Mubi, a lungun da ƙyaure yake rufewa in an buɗe shi, akwai wata tasa da ba a taɓa bari ta bushe ba. Ba ta shan baƙi ba ce, ba kuma ta alwala ba. Kaza ma in ta kuskura ta tsoma baki a ciki sai ta sha jifa. Baba ne ya ajiye ta, shi yake cika ta, kuma kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tsuguna a gabanta, ya dafa gwiwa, ya zuba wa ruwan ido na ɗan lokaci kafin ya shigo a gaisa.

Tasar ta Inna ce. Cikin kayan jerenta na aure take, waɗanda kakarmu ta ɗauko mata tun daga Kano, tasoshi masu murfi daga babba har ƙarama, kowace a zaune kan 'yar'uwarta. Ta tsakiya Baba ya zare, ya ce aro ne. Murfin ya bar mata. Tun daga ranar jeren Inna ya zama mai giɓi, kuma ba ta taɓa bari ya manta da haka ba.

Baba mai zubin tukwane ne. A bayan kasuwa rumfarsa take, inda yake narka tsofaffin gwangwanaye da tarkacen injin mota, ya zuba dalmar a cikin ƙasar da ya danne a akwatin katako, tukunya ta fito da kunnuwanta. Mutum ne da bai cika magana ba, sai in an taɓo wuta. A shekarar da soja suka miƙa mulki, ɗan ƙanin mahaifinsa da ke zaune can kudancin Kamaru, kusa da teku, ya aiko yana neman ya je ya taya shi kafa irin wannan sana'a. Baba ya tafi da niyyar wata guda. Yana can babban dutsen garin ya yi aman wuta.

Ina 'yar makarantar sakandare a lokacin. Na tuna ranar da ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, da wani guntun dutse a aljihu mai huji-huji kamar burodi, ba nauyi ko kaɗan. Tsarabar ke nan, sai 'yar ledar busasshen jatan lande da Inna ta shinshina ta ba maƙwabta.

Labarin kuwa mun sha shi har mun haddace. Ya ce kafin dutsen ya buɗe baki sai da ƙasa ta yi kwanaki tana rawa. Kwanuka su yi ta kaɗawa su kaɗai, ƙofa ta buɗe ba wanda ya taɓa ta. Matar gidan da ya sauka sai ta cika daro da ruwa ta ajiye a ƙasa, domin wani motsin ƙafa ba ta jin sa amma ruwa yana ji. In fuskar ruwan ta yi zara-zara, kowa ya fito waje. Daga baya dutsen ya tsage ta gefe, narkakken dutse ya fara gangarowa ta cikin gonakin kwakwar manja.

Mutane na gudu, Baba na zuwa kallo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fama da gawayi don ya narka dalma cikin kasko, sai ga shi gaban dutse narkakke mai tsayin gida yana tafiya da kansa. Ya ce samansa baƙi ne, ya daskare, yana ɓarewa da ƙara kamar ana fasa tukwanen ƙasa, ta tsagar kuma ka hango ja a ciki. Abin da ya fi burge shi su ne masu awon dutsen, wasu ma'aikata da huluna masu tauri. Suna da na'ura mai allura da ke zane a takarda in ƙasa ta motsa, amma Baba ba ita ta tsaya masa a rai ba. Turakunsu ne. Da yamma su kakkafa turaku a gaban wutar, ɗaya bayan ɗaya, da safe su dawo su ga nawa ta cinye. Da haka suke sanin saurinta, su ce wa mutanen ƙauye kaza su kwashe yau, na ƙauye kaza su jira tukuna.

"Ba ta gudu," in ji Baba. "Tafiya take, irin ta tsohuwa mai sanda. Har karan sigari na ga wani ya kunna a jikinta. Ta ci gona, ta ci titi, sannan ana ganin teku haka ta tsaya cik. Da wa'adinta ya cika ba ta ƙara taku ɗaya ba."

Da abu biyu ya dawo a kansa, kuma ba mai iya cire masa su. Na farko, ƙasa ba ta cin amana, sai ta yi gargaɗi. Na biyu, masifa komai girmanta tafiya take, mai lura ba ta riskarsa. Wani malami kuma ya ƙara masa da cewa duwatsun nan namu na gabas, masu tsini kamar tabarya, su ma a zamanin da wuta ce ta haife su. Shi ke nan, a daren ya shiga ɗakin Inna ya zaro tasa.

Mun yi masa tsiya iya tsiya. Wata rana tirelar shanu ta ɓace hanya ta biyo ta layinmu, ruwan ya girgiza, Baba ya faɗo tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya yana cewa a fito da yara. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, dutsen naka haushi yake yi ko kuka? Ni dai kukan shanu nake ji." Shi ma sai da ya yi dariya. Duk Sallah sai ta tambayi tasarta, wai za ta zuba wa maƙwabta abinci, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Innar yara, aro ba kyauta ba ne, zan mayar." Da aurena ya zo, ta so ta ba ni jeren nan gaba ɗaya, ta je ta tsaya masa a ka. Ya saya mini sababbin kwanuka masu tsada, amma tasa ya hana. Inna ta ce ba za a kai 'yarta ɗaki da jere mai giɓi ba, za ta ajiye mini har ranar da ya cika. Aka kai ni Yola, jeren ya zauna a Mubi yana jira.

Shekaru suka tafi. Na haihu, na sake haihuwa. Yarana in mun zo hutu abu na farko da suke koya shi ne ba a wasa a bayan ƙyauren Kaka. Ciwon sukari ya kama Inna, ƙafafunta suka fara kumburi, wani ɗan ƙurji ya fito mata a babban yatsa ya ƙi warkewa. Daga ɗakinta zuwa madafi sai ta huta a hanya.

Sannan tashin hankalin 'yan bindigar nan ya taso daga arewa. Da farko labari ne a rediyo, daga baya ya zama gawarwakin mutanen da muka sani. A daminar da garuruwa suka fara faɗawa hannun 'yan bindigar ɗaya bayan ɗaya, na bar yarana wurin mahaifinsu na hau mota zuwa Mubi. Niyyata ɗaya ce, in ɗauko Inna da Baba in kawo su Yola tun ana samun mota, domin na san in ta kai ga gudu da ƙafa, Inna ba ta da ƙafar. Kwana biyu na ce zan yi.

Na tarar da Baba a gindin dogonyaron ƙofar gida tare da maƙwabcinmu, wani tsohon malamin firamare mutumin tsaunukan Michika, Kirista, wanda duk unguwa ke kira Ticha. Tun kafin a haife ni suke zama a wurin, ɗaya da carbi, ɗaya da rediyo. Baba ya share ƙasa ya ja layi da kara, ya jera tsakuwoyi a kai. Wannan Gwoza, wannan Madagali, wannan Gulak, wannan Michika, wannan Uba, ta ƙarshe mu. Duk garin da aka ce ya faɗi sai ya ɗauke tsakuwarsa ya jefar. Turakunsa ke nan.

Na gaishe su, na shiga na ga Inna, na fito na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Uwata, zauna ki gani." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya nuna mini tsakuwoyin da kara. "Daga nan zuwa nan sai da suka yi makonni. Daga nan zuwa nan, haka. Akwai turke biyu tsakaninmu da su. Wanda ya tashi tun yanzu ya bar gidansa ga ɓarayi a banza."

"Baba, waɗannan mutane ne, ba dutse ba. Suna da motoci."

"Komai da awonsa," in ji shi. "Ranar da ya kamata mu tashi, zan sani. Manyan bindigogin da ake faɗa, tun suna nesa ƙasa za ta kawo labarinsu. Ruwan nan ba zai ɓoye mini ba."

Da Michika ta faɗi, gidan Ticha ya cika da danginsa, mata da yara da ƙafafu a fashe, wasu ba su san inda mazajensu suke ba. Bai ƙara kwana da yawa ba ya samo bas ya ɗora su. Da safen da za su tafi ya shigo har tsakar gidanmu, abin da bai saba yi ba, ya cire hula.

"Mai tukunya," ya ce wa Baba, "mota na yana da wuri ɗaya a gaba. Bari Inna ya bi mu. Ƙafa nashi ba kyau. Kai in kana so ka zauna da ruwa naka, zauna, amma ba ni mata naka in kai shi Yola."

Baba ya waiwaya ya dubi Inna. Ya ce ga ta nan, in za ta je bai hana ba. Ni na riga na fara tusa kayanta a jaka. Inna ta dube ni daga kan tabarma ta ce in ajiye. Ta ce tun tana da kitson 'yanmata take bin mutumin nan, ba ta taɓa kwana a gari shi yana wani ba sai tafiyarsa Kamaru, kuma kowa ya ga abin da ya kwaso da ta bar shi shi kaɗai. Ticha ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya fita.

Ranar na faɗa wa Baba maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba. Na ce gemun maƙwabcinsa ya kama wuta shi yana zaune yana kallon ruwa a tasa. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Kwana biyuna suka zama mako, mako ya zama wata. Mijina ya yi ta waya har ya gaji. Inna ba za ta tafi babu Baba ba, ni kuma ba zan tafi babu Inna ba, Baba kuwa yana jiran ruwa ya motsa.

Abin da ya ƙara ɗaure mu shi ne, bayan Michika sai abin ya lafa. Makonni suka wuce tsakuwar gaba tana nan a wurinta. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa, kasuwa ta ci, aka shiga cirar gyaɗa. Baba ya koma rumfarsa ya hura wuta. Wata yamma ya kira ni ya nuna mini layinsa a ƙasa, ya ce, "Kin gani? Ta ci titi ta tsaya." Ba da gadara ya faɗa ba, da sauƙin zuciya ya faɗa, kuma in faɗi gaskiya ni ma na so in yarda.

Wata rana da hantsi, ina wanke wa Inna yatsan nan da ruwan gishiri, muka ji harbi. Ba irin na nesa da muka saba ji ba. Kafin in ɗaure tsumman, layinmu ya cika da gudu da kiran sunayen yara. Na fito zaure da gudu na tarar da Baba a tsugune a bayan ƙyaure. Ruwan yana kwance lumui, har ina ganin inuwar hularsa a ciki.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Bai motsa ba."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba tsoro ba ne, kamar mutumin da amininsa ya wuce shi a hanya bai gaishe shi ba. Na ce masa ya tashi. Ya tashi.

Ba mota, ba keke napep, waɗanda suka rage sun cika har kan rufi. Muka bi mutane ta hanyar Sahuda, domin an ce ta can ake tsallakawa Kamaru. Inna ta taka iya takawarta, muna riƙe da ita dama da hagu, har bayan gari. Daga nan ta zauna a bakin wata gonar dawa ta ce mu je, ita ta iso. Baba ya matso. Ya durƙusa a gabanta ya juya mata baya. Ta ce, "Malam, a gaban mutane?" Ya ce, "Hau." Ni na kwance mayafina na ɗaure ta a bayansa kamar jaririya.

Haka muka yi tafiyar, shi ya goya, in ya gaza ni in karɓa, in na gaza mu zauna. Mutumin da ya haura saba'in, yana hawan tudu da matarsa a baya, numfashinsa kamar zugazugi. Da muka zo tsallake wani mayo, wato rafi, tsumman ƙafarta ya jiƙe ya cika da yashi. Wata manomiya 'yar ƙabilar Gude ta fito daga bukkarta ta ba mu ruwa da dafaffiyar gyaɗa, ta dubi ƙafar Inna ta girgiza kai ta ce, "Sannu Mama, wannan ƙafa ya sha wahala." A wurin na tuna maganin sukarinta yana kan taga, inda na ajiye shi da safe.

Mun kai wani ƙauye a tsallaken iyaka, aka sauke mu a filin makaranta tare da ɗaruruwan mutane. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har ƙauri, zazzaɓi ya rufe ta. Babu likita, sai wani mai sayar da ƙwayoyi a tire. Baba ya zauna a gefen kanta yana kore mata ƙuda da hularsa, bai ci ba, bai sha ba sai an tilasta shi. Wata yamma bayan la'asar ta buɗe ido tangaran, har na yi zaton sauƙi ne. Ta dube shi ta ce, "Malam, ka dai cika tasar kafin mu fito?"

Ya ce, "Na cika."

Ta ce, "To madalla. Kada ka manta aro ce."

Ba ta ƙara wata magana da muka gane ba. Washegari ta cika. Matan ƙauyen suka taya ni wanka, wani dattijo ya ba da farin yadin da ya ajiye wa kansa, mutanen da ba su san sunanta ba suka yi mata salla. Aka binne ta a ƙasar da ba ta taɓa takawa da ƙafarta ba.

Na ji haushin Baba, haushi mai tsanani. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, an faɗa mini, ni ma na faɗa wa wasu. Amma na kuma san akwai kujera ɗaya a gaban motar Ticha. Duk zagayen da muka yi ta cikin Kamaru har muka faɗo Yola, ban yi masa maganar da ta wuce ga abinci, ga ruwa ba. Shi ma bai nemi in yi ba. A gidana ya zauna a ɗakin baƙi, jikokinsa suna hawa jikinsa suna roƙon labarin dutse mai aman wuta, sai ya ce musu ya manta. Da Ticha ya zo ta'aziyya, suka zauna tun azahar har magariba ba wanda ya ce uffan bayan gaisuwa.

Da aka ƙwato gari, hanya ta buɗe, ya ce zai je ya ga gida. Na bi shi, don ban yarda ya tafi shi kaɗai ba.

An ɓalle ƙyauren zaure, yana rataye da ƙarfe ɗaya. Ciyawa ta bushe a tsakar gida. Ɗakunan kuwa an yashe su tas, katifa, keken ɗinki, buhunan masara, har labule. A ɗakin Inna ba abin da ya rage sai katakon da take jere a kai. Tasoshin da ta ajiye mini duk an kwashe, da murafensu, har da murfin da ya yi shekaru yana jiran tasarsa. Na tsaya a tsakiyar ɗakin, kukan da ban yi a makarantar ƙauyen nan ba ya zo mini.

Da na fito ban ga Baba ba. Na same shi a zaure, ya ɗaga karyayyen ƙyauren. Tasar tana nan inda take, ƙyauren ne ya ɓoye ta. Ruwan ya ƙafe, ya bar zobe-zobe a jikinta, da mataccen ƙwaro a gindi. Na ɗauka rijiya zai nufa ya cika ta, kuma na shirya abin da zan faɗa masa in ya yi haka.

Rijiyar ya nufa, amma sai da ya biya ta madafi ya ɗebo toka. Ya zauna a bakin rijiya ya shiga dirza ta, ciki da baya, da yatsunsa masu tabon wuta. Ya daɗe yana yi. Ya ɗauraye, ya duba, ya sake dirzawa, har kanta-kantar shekarun nan ta fita, tasa ta yi haske irin wanda na sani ina yarinya. Ya goge ta da bakin rigarsa har ta bushe sarai.

Sannan ya miƙe ya je ƙofar ɗakin Inna. Ya tsaya ya yi sallama, kamar yadda ya saba, ya ɗan jira. Ya shiga ya ɗora ta a tsakiyar katakon, daidai gurbinta, ya gyara mata zama.

Na ji ya ce, "Innar yara, ga tasarki. Na daɗe da ita."

Ya fito ya jawo ƙofar a hankali, yadda yake yi in tana barcin rana.